Kwana Tara da Zenovia Ta Jira

Kishi ne laifin Aglaia. Ba kishin miji ba, don mijinta ya daɗe da kwanta dama. Kishin 'ya ne, kuma irinsa ya fi wuyar ganewa, domin mai shi kan rantse cewa ƙauna ce, rabin rantsuwar kuma gaskiya ne.

Tana tsaye a ɗakin girkin maƙwabciyarta tana tace romon kaza, sai wayar da ke aljihun rigar aikinta ta hau ruri. Ba tata ba ce. Ta Farfesa Zenovia ce, wadda ke kwance a ɗaki na gaba, muryarta ta dushe, hannunta ko cokali ba ya riƙewa. Aglaia ta duba, ta ga sunan 'yarta Ilinca da ke aiki a Jamus, da ɗan hoton zuciya a gefen sunan.

"Farfesa! Kwana uku ina nemanki!"

"Ba Farfesa ba ce. Wadda ta haife ki ce, in kin tuna da ita."

"Mama? Me wayarta take yi a hannunki?"

"Riƙe mata nake yi. Maƙogwaro ya kama ta, likita ya ce ta rufe baki mako biyu. Abin da gwamnatoci suka kasa, shi ya yi da cokalin duba harshe."

Ilinca ta yi dariya, sannan ta tsaya. "Ba dai wani abu mai tsanani ba ne ko? Ki gaya min gaskiya. In da wani abu, yau ɗin nan zan hau jirgi."

Yau ɗin nan. Aglaia ta ajiye matacin a hankali.

"Mura ce ta sauka ƙirji. Zauna ki yi aikinki."

"To ki gaishe min da ita sosai. Ke kuma lafiya dai?"

"Ina nan, ban mutu ba."

"To Mama, ana kirana."

Ba mura ba ce. Da safen nan likita ya tsayar da Aglaia a bakin shinge, ya ce ciwon daji ya gama da huhun Farfesa, in ta kai mako biyu ta yi ƙoƙari. Zenovia ta ɓoye wa kowa tun bazara. Da likita ya tafi ta jawo Aglaia kusa, ta raɗa mata abu ɗaya: "Kira Ilinca ta zo."

Shekara sittin da wani abu ke nan shinge ɗaya ne tsakanin gidajensu. Benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma duk tsofaffin garinmu sun san Aglaia ce ta fi lissafi. Amma ubanta ya cire ta ya kai ta masaƙa, Zenovia kuwa ta wuce jami'a a birnin Iasi, ta yi shekara arba'in a ɗakin gwaje-gwaje. Abin da Aglaia ta fahimta na aikin, daga bakin 'yarta, shi ne cewa a ɗigon jini guda akwai furotin iri dubbai, kowanne da nauyinsa, kuma Zenovia na da na'ura mai girman kabad da ke auna su ɗaya bayan ɗaya. Da haka ta gano waɗansu da ke sauya kamanni in ciwon daji ya fara taɓa mace, tun kafin ta ji zafi. Masana a ƙasashe da yawa suka ɗora aikinsu a kan nata. An ce an ambaci sunanta a rubuce-rubucensu sau dubu goma sha ɗaya.

"Furotin," in ji Aglaia duk lokacin da aka tada zancen. "A wake ma akwai shi, ba a ba wake lambar girma ba."

Wannan duk ba shi ne ya ci mata rai ba. Zenovia ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba. Ranar da Ilinca ta cika shekara goma sha biyu Zenovia ta kira ta ta saman shinge, ta nuna mata fatar albasa a madubin likita, daga ranar yarinyar ta zama ta gida biyu. Zenovia ta koyar da ita, ta ɗauke ta ɗaliba, ta tura ta Jamus. Shekara bakwai ke nan. Da Aglaia ta faɗi a kan ƙanƙara ta karya ƙugu, furanni aka kawo mata asibiti da ɗan kati. Da aka karrama Zenovia a Bukarest, Ilinca ta zo a jirgi ta yi wuni guda ta koma, ba ta ƙaraso garinmu ba. Aglaia a talabijin ta gan ta, tana riƙe wa Farfesa jaka.

Ta kai romon ɗaki, ta tada Zenovia da matashi biyu, ta soma ba ta a baki.

"Kin gaya mata?" Muryar kamar ana jan takarda a kan tebur.

"Na gaya mata. Aiki ya riƙe ta, ta ce ƙarshen mako."

"Gishiri ya yi yawa."

"Kina mutuwa kina tsegumi. Buɗe baki."

Zenovia ta sha cokali uku ta kau da kai. Ta daɗe tana tattara numfashi, sannan ta ce, "Zauna ki ji. An ba Ilinca aiki a Ostareliya. Ƙarshen wata za ta ba su amsa."

"Ostareliya? Ni ba ta gaya min ba."

"Tana tsoron bakinki. Kowa ma yana tsoro." Ta yi tari. "Ɗakin gwajina a Iasi ba shi da shugaba. In ta nema za ta samu, ba wanda ya kai ta. Ina so in ce mata ta dawo gida ta karɓa. Ba a waya ba. A waya za ta ce min to, ta je ta yi abin da ta ga dama. Sai ta ga fuskata."

Iasi. Minti arba'in a bas. A zuci Aglaia ta ga Ilinca tana turo ƙyauren shinge ranar Lahadi, ta ga tukunya a wuta da kwano biyu a tebur.

"Shekara bakwai ina roƙonta ta dawo," ta ce.

"Na sani. Amma ni za ta ji maganata."

Zenovia ba da gori ta faɗa ba. Ta faɗa ne yadda take faɗin sakamakon gwaji. Amma maganar ta shiga Aglaia ta sami wurin zama. Wato in 'yar ta dawo, kyauta ce Zenovia ta yi mata. Kowace Lahadi da za ta ga fuskar 'yarta, albarkacin maƙwabciya ce. Har a kabari matar nan za ta riƙa ciyar da ita da abin da ita ta haifa.

Da yamma ta koma gidanta ta kira Ilinca da tata wayar. Ta ce a ranta, bari in gwada nawa bakin sau ɗaya. In ta amsa min ko da rabin amsa ne, nan take zan gaya mata komai.

"Na ji zancen Ostareliya."

"Kai, Mama! Wa ya gaya miki?"

"Bango. Ilinca, ki dawo gida. Iasi ma akwai jini, akwai masu ciwo. Ni ce uwarki nake roƙonki."

"Don Allah kar mu fara. Ba zan yanke komai ba sai na yi magana da Farfesa. Yaushe muryarta za ta buɗe?"

"Sai ki tambayi likita," in ji Aglaia, ta kashe.

Kwanakin da suka biyo baya ba wanda zai nuna Aglaia da yatsa. Ita ke wanke Zenovia, ita ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke riƙe mata hannu in nas ta zo da allurar kashe zafi. Mutane suka fara jin labari suna zuwa. Wata mata daga ƙauyen tudu ta kawo zuma, ta ce gwajin Farfesa ne ya sa aka kama nata ciwon da wuri, ga jikokinta uku ta gani. Ta durƙusa ta sumbaci hannun Zenovia tana kuka.

"Tashi, baiwar Allah, ba waliyyiya ba ce," in ji Aglaia. "Na san ta tun tana satar tuffa."

Limamin cocinmu, Fada Gherasim, ma ya zo ranar Talata da kayan tarayya, burodi da ruwan inabi masu tsarki da ake ba wanda ajali ya kusanto. Zenovia ba mai zuwa coci ba ce, amma ta bar shi ya yi abin da ya kawo shi, suka ɗan yi magana ƙofa a rufe.

Ɗakin yana kallon titi. Duk lokacin da ƙyauren shinge ya yi ƙara, Zenovia kan juyo da ido wajen taga. Mai kawo wasiƙa ne. Nas ce. Iska ce. Saƙonni kuwa suna ta shigowa wayar da ke aljihun Aglaia, dogaye, da hotunan layuka masu hawa da sauka: Farfesa dubi wannan, Farfesa na yi kewarki. Aglaia takan karanta su a tsaye a bayan ƙofa. Saƙon ƙarshe da ita ta samu daga 'yarta kalma biyu ne: Na gode.

Kullum takan ce gobe. Gobe zan kira ta. Ba ta taɓa cewa ba za ta kira ba. So take kawai matar nan ta ɗanɗana jira, ko na kwana kaɗan, ta ji yadda ƙarar ƙyaure take a kunnen wanda ba a zo wa ba.

Rana ta tara, da hantsi, Zenovia ta ƙi shan ko ruwa. Ta nuna akwatin gefen gado da ido. Aglaia ta jawo, ta ga kyandir ɗin Ista da ashana. A wajenmu ba a barin mutum ya cika ba haske a hannunsa. Wanda ya tafi a duhu, kunyar ta masu jinya ce har jikoki.

"Ke da ba ki yarda da waɗannan abubuwa ba?"

"Don ke na ajiye. Kada matan layi su cinye ki." Ta rufe ido, ta buɗe. "Aglaia. Ba ki kira ta ba."

Aglaia ta gyara bargon da ba ya bukatar gyara.

"Tun ranar Laraba na gane. Da ta ji, ko a ƙafa ne da ta iso."

"To me ya hana ki sa nas ta kira? Ko Fada? Ai ba ni kaɗai ke da yatsu ba."

"Da wani ya kira, da ta san ke kika ƙi." Numfashin ya tsaya, ya dawo. "'Yarki ce. Ban taɓa mantawa ba. Ke ce kike mantawa."

Aglaia ta zaro wayar tana neman sunan. Sai ta ji numfashin ya sauya, ya zama mai gurnani, da dogon shiru a tsakani. Ta san wannan sautin, ta ji shi a bakin uwarta da na mijinta. Kunna kyandir hannu biyu yake so, riƙe shi a tafin mai mutuwa ma hannu biyu. Ta jefa wayar a kan bargo. Ashana ta farko ta karye, ta biyu ta kama. Ta naɗe yatsun Zenovia a jikin kyandir ɗin, ta rufe su da nata.

"Zeno, jira. Zan kira ta yanzu. Ki jira mana, ke da taurin kai!"

Zenovia ba ta jira ba. Kakin ya gangaro ya ƙona bayan hannun Aglaia, ba ta saki ba sai da ta tabbata.

Ta rufe mata ido, ta ɗaure haɓa, ta lulluɓe madubai, ta aika a buga ƙararrawar coci. Sannan ta kira Jamus.

"Farat ɗaya abin ya zo," ta ce. "Ba wanda ya zata."

Ilinca ta iso washegari da azahar, idanu a kumbure. Ta rungume uwarta a bakin shinge ta daɗe ba ta saki ba. "Mama, ke kika yi mata komai. Har kyandir. Ban san yadda zan gode miki ba." Rabon da ta rungume ta haka, tun tana makarantar sakandare. Aglaia ta tsaya ƙiƙam tana shaƙar ƙamshin gashinta.

Jana'izar ta cika titi. Motoci daga Iasi, daga Bukarest, furanni daga ƙasashen da Aglaia ba ta san inda suke ba. Wani mai farin gemu ya yi jawabi ya ce ɗaliban Farfesa suna jagorantar ɗakunan gwaji a ƙasa takwas. Aglaia ta rarraba tawul da kyandir ga waɗanda suka ɗauki akwatin, ta yi coliva da hannunta, dafaffiyar alkama da zuma, kowa ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba.

A wajen cin abincin sadaka, a tsakar gidan marigayiya, aka zaunar da Ilinca kusa da Fada Gherasim. Aglaia na zuba miya a bayansu.

"Kada ki ɗora wa kanki laifi, 'yata," in ji Fada yana gutsurar burodi. "Aiki aiki ne. Ranar Talata ta ce min ta aika miki, tana jiranki ƙarshen mako. Ta ce abu ɗaya ya rage mata a duniya, ta gaya miki wata magana. Amma Allah ya san ba da gangan kika makara ba."

"Wace Talata, Fada?"

"Ta makon jiya mana, da na kai mata tarayya."

"Tarayya? Don mura?"

Fada ya ɗaga kai ya dubi Aglaia. Ludayin na hannunta, miya na ɗiga a kan mayafin tebur.

Ilinca ba ta ɗaga murya a gaban mutane ba. Tarbiyyar gida biyu ce da ita. Ta bari sai da baƙi suka watse, ta sami uwarta a ɗakin girki tana wanke kwanuka.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Kwana tara tana kallon ƙofa, ni ina tura mata hotunan gwaji. Me na yi miki, Mama?"

"Da na karye, furanni kika aiko."

"Sai ki zage ni! Ki mare ni! Ita me ta yi miki?"

Aglaia ta ci gaba da goge kwanon da ya riga ya fita.

"Wace magana take so ta gaya min?"

Nan Aglaia ta juyo da sauri, hannu na zubar da kumfa. "Cewa ta yi ki bar Ostareliya. Ki dawo ki karɓi ɗakin gwajinta a Iasi. Ta ce ba wanda ya kai ki. Da bakinta ta faɗa min, ina zaune a gefen gadon nan."

Ilinca ta dube ta, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ki bar Ostareliya, ki dawo Iasi. Wannan ai maganarki ce, a waya kika faɗa min ita."

"Na rantse da kabarin ubanki!"

"Wa ya ji ban da ke?"

"Mu biyu ne."

"Ta rubuta?"

"Hannunta ba ya riƙe komai, ke ma kin..."

"Ban sani ba, Mama. Ban san komai ba, ba ki bar ni na sani ba. Tana da rai kin ce min mura ce. Yanzu ta mutu kin sa mata maganarki a baki."

"Gaskiya nake faɗa miki, Ilinca."

"Wataƙila. Ta yaya zan gane?"

A gidan Zenovia Ilinca ta kwana. Ranar Litinin ta aika wa Ostareliya amsa cewa ta karɓi aikin. Ranar Talata da safe motar haya ta tsaya a titi, Aglaia ta fito da kwali a rungume, kwalba shida na zacusca, gasasshen yalo da tattasai da ta dafa don hunturu, kowace an naɗe ta da jarida.

"Ba a shiga da irin wannan can," in ji Ilinca. Ta sumbaci uwarta a kunci ɗaya, kamar yadda ake yi wa gwaggon da ba a saba da ita ba. "Zan kira in na sauka."

Ga abin da Aglaia ta rasa, a ƙirge. Ta rasa ƙawar shekara sittin, wadda ta mutu tana rufa mata asiri. Ta rasa tafiyar minti arba'in, ta sami ta kwana biyu a sama, da ƙugun da ba ya jure zaman jirgi. Ta rasa Lahadi hamsin da biyu a kowace shekara da ta rage mata. Ta rasa gaskatawar 'yarta, a kan gaskiya guda da ta fi bukatar a yarda da ita. Matan layi kuma, da Fada bai gaya musu komai ba amma sun ji komai, ba su ƙara kiranta ta zauna da mai jinya ba.

Motar ta sha kwana wajen coci. Aglaia ta ajiye kwalin a kan bencin da ke jikin shinge, ta zauna kusa da shi. Ganyen inabi ya fara rawaya. Ɗaya ya faɗo a kan murfin kwalba, ta ɗauke shi, ta riƙe a hannu.